Zauren Masu Karatu: Daga Wasan Sallah Zuwa Ƙungiyar da Ke Ciyar da 'Ya'yanta

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan wasan dandamali suka zo, daga Gadarif, Mai Wurno, Kasala, Damazin, Madani, Sinnar da Fot Sudan. Mun taƙaita tambayoyin, mun cire sunaye kamar yadda muka saba.

Wani malamin makaranta daga Gadarif ya rubuto: "Mu goma sha biyu ne, muna wasa ranar Sallah da ranar rufe makaranta, jama'a kuwa suna cika wuri. Wani ya ce mana har yanzu mu 'yan sha'awa ne, ba ƙwararru ba. Ina bambancin yake? Kuma an taɓa samun ƙungiyar da ta rayu da wasa kaɗai a Sudan?"

Malam, mutumin nan bai zage ku ba. Bambancin ba a iya wasa yake ba, don akwai ɗan sha'awar da ya fi ƙwararre sa mutane dariya. Ƙungiya tana zama ta sana'a ne ranar da abu uku suka tabbata: kowa ya san abin da zai samu tun kafin a fara aiki, 'yan kallo sun san lokacin da za ku dawo ba sai sun tambaya ba, sannan akwai littafin da ake rubuta shige da ficen kuɗi wanda kowane ɗan ƙungiya zai iya buɗewa. Na tsakiyar nan shi ne mai wuya, kuma tarihin ƙasar nan ya nuna haka ƙarara.

Wasan kwaikwayo irin na dandamali ya daɗe a Sudan. Tun farkon shekarun 1930 Khalid Abu Rus yake rubuta wasa da Larabcin gida, ba Larabcin littafi ba. Kwalejin horar da malamai ta Bakhtar Ruda da ke Duwem, wadda aka buɗe a 1934, ta yaye malamai da dama da suka kai wasan makaranta garuruwan da aka tura su. A 1959, zamanin Janar Abbud, aka gina Masrahul Ƙaumi, wato babban dandalin ƙasa, a bakin Nilu a Omdurman. Sai dai gini bai haifar da sana'a nan take ba. Shekarun farko mawaƙa da ƙungiyoyin baƙi daga waje ne suka fi cin moriyarsa. Sai a 1967, lokacin da Alfaki Abdurrahman yake shugabancin wurin, aka fara abin da ake kira mausim, wato zangon wasanni na shekara-shekara: wasa kaza zai yi dare kaza, in ya sauka wani ya hau. Daga nan marubuci ya san akwai inda zai kai rubutunsa, ɗan wasa ya san akwai aiki baɗi, ɗan kallo ya saba sayen tikiti. Bayan shekara biyu, a 1969, aka buɗe makarantar koyon kiɗa da wasan kwaikwayo, wadda yau kwaleji ce a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan. Ku lura da tazarar: shekara takwas tsakanin gini da zango.

Wanda ya fi dacewa ku yi nazarinsa kuwa, ku mutanen jiha, shi ne marigayi Alfadil Sa'id. Tun tsakiyar shekarun 1950 ya kafa ƙungiyarsa ta barkwanci, kuma bai zauna a Omdurman yana jiran jama'a su zo ba. Ya yi ta yawo da wasanninsa gari-gari, har ajali ya same shi a Fot Sudan a 2005, yana kan wannan aikin. Akwai kuma Masrahul Buƙ'a na Ali Mahdi Nuri a Omdurman (Buƙ'a laƙabin birnin ne), dandali mai zaman kansa wanda ya fara bikin wasanni na shekara-shekara a 2000, ya kuma kai wasa yankunan da ake rikici, har hukumar UNESCO ta naɗa Ali Mahdi ɗan wasan zaman lafiya a 2012.

A ƙasashen waje ma haka abin ya faro. Dandalin Birmingham a Ingila, wanda Barry Jackson ya buɗe a 1913, da Alley na Houston a 1947, da Guthrie na Minneapolis a 1963, su biyun a Amurka, duk mutanen da suka ƙi yarda cewa sai a Landan ko New York ake wasan kirki ne suka kafa su, kuma ginshiƙinsu ɗaya: 'yan wasa na dindindin da zango sananne. A Najeriya Hubert Ogunde ya bar aikin ɗan sanda a tsakiyar shekarun 1940 ya kafa ƙungiyar da ke yawo da mota tana cin abinci da tikiti. Saboda haka in kuna son canja suna, ku sanar tun yanzu cewa bana za ku yi wasa biyu sababbi, ɗaya bayan girbi, ɗaya a ƙaramar Sallah, kowanne dare goma. Ku cika alkawarin shekara biyu a jere.

Wani matashi daga Mai Wurno: "Mutum nawa ake bukata, kuma gwaji na kwana nawa ya isa? Mu mako ɗaya muke yi, amma kullum ranar wasa sai an rikice."

Ɗan'uwa, mako ɗaya ba gwaji ba ne, gaisawa ce da labari. Masu sana'ar suna da awo da suka daɗe suna aiki da shi: kowane minti ɗaya a kan dandamali yana cin kamar awa ɗaya ta gwaji, wanda a nan muke ce wa burofa. Wasan minti 90 ke nan yana son awa 90. In kuna haɗuwa awa uku a rana, kwana biyar a mako, mako shida ke nan.

Makon farko a zaune ake yin sa. A karanta wasan da ƙarfi daga farko har ƙarshe da agogo a hannu, a yanke duk fitowar da in an cire ta labarin bai ji ciwo ba. Mako na biyu da na uku na tsara motsi ne: wa zai shigo ta dama, wa zai zauna a kan angarib (gadon igiya), a kan wace kalma zai miƙe. A zana girman dandamalin a ƙasa da farar ƙasa ko toka, daidai yadda zai kasance ranar wasa, don wanda ya saba gwaji a ɗan ƙaramin zaure in ya hau babban dandamali sai ya maƙale a lungu guda. Ƙarshen mako na uku kowa ya ajiye takarda. Wanda bai haddace ba a ranar, a ba wani matsayinsa, ko da ɗan autan shugaba ne. Mako na huɗu da na biyar a riƙa yin wasan gaba ɗaya ba tsayawa, mai ba da umarni ya riƙe gyararrakinsa sai an gama. Mako na shida na fitila ne da sauti da sutura, kuma a yi aƙalla gwaji biyu cikakku da dare, a lokacin da za a yi ainihin wasan.

Game da yawan mutane, 'yan wasa shida zuwa takwas sun isa, in ana ninka ƙananan matsayi. Kowane ƙarin mutum ƙarin kujera ce a mota da ƙarin kwano. Amma ruɗanin da ka ambata ba daga 'yan wasa yake zuwa ba. Daga rashin mutum guda ne wanda ba ya hawa dandamali ko kaɗan, wato mai kula da dandamali. Shi ne mai riƙe da babban littafi: rubutun wasan a shafin dama, shafin hagu fari, inda yake rubuta da fensir kowane motsi, da lambar kowane canjin fitila da sauti a daidai kalmar da za a yi shi. Shi ke da jerin kayan wasa, shi ya san buta tana gefen hagu, wasiƙa tana aljihun wane. Shi ke kiran saura rabin awa, saura minti biyar. Daga daren farko mai ba da umarni ya gama aikinsa, ya koma cikin 'yan kallo, magana ta koma bakin mai littafi. Ƙungiyoyinmu sukan ba da wannan aiki ga wanda aka ga bai iya wasa ba, don kada ya ji haushi. Kuskure ne babba. A ba wanda ya fi kowa natsuwa da kiyaye lokaci, a kuma biya shi daidai da jarumin wasan.

Abu guda game da mu Hausawa: mun gaji wasan baka. Daga tashe zuwa 'yan kama, har wasannin rediyo da talabijin irin na su Samanja da Kasimu Yero, ƙarfinmu yana wajen ƙago magana nan take. Ba mu ce a kashe wannan ba. A ware wurare biyu ko uku a cikin wasan inda ɗan barkwanci zai saki jiki, a sa masa iyaka ta minti, a kuma tsayar da jimlar da zai rufe da ita, don mai fitila da abokin wasansa su san ya gama. In ba haka ba wasan awa ɗaya da rabi zai kai awa uku, mata da yara su watse kafin a warware ƙulli.

Wani ɗan kasuwa daga Kasala: "Na ba yarana jari sau biyu, wuri ya cika, amma ba a mayar da ko kuɗin kujeru ba. Ina kuɗin suke shiga?"

Alhaji, cikar wuri daban, sayar da tikiti daban. Ka tsaya a ƙofa wata rana ka ƙirga masu shiga da sunan ƙanin wane da maƙwabcin wane. Amma bari mu yi lissafin tukuna. Tunda farashi ba ya kwana inda ya yini a wannan zamani, kada ku yi shi da fam, ku yi shi da tikiti.

Misali kawai: fili mai ɗaukar mutum 400. Kuɗin dare guda, wato hayar nadi (filin kulob), kujeru, man janareta, mota da abinci, a ce ya kai kuɗin tikiti 120. Kuɗin haɗa wasan tun farko, katako da sutura da kuɗin motar zuwa gwaji, a ce tikiti 600. In dare goma za a yi, kowane dare yana ɗauke da 60 daga ciki. Ke nan sai an sayar da 180 kafin ɗan wasa ya ga ko sisi. Mai hankali kuma ba ya lissafi da cikakken wuri, da rabi yake yi, wato 200. Saura 20 ke nan za a raba wa mutum goma sha biyu. To in dare biyu kacal aka yi, kamar yadda aka saba a Sallah, kowane dare yana ɗauke da 300 na haɗawa da 120 na dare, 420 ke nan, ya wuce abin da filin zai ɗauka ko da an cika shi maƙil. Nan jarinka ya nutse, ba lallai wani ya ci ba. Maganin shi ne yawan darare. Wasan da ya yi dare ashirin nauyin haɗa shi ya sauko zuwa 30 a dare, shi ya sa ƙungiyoyin jiha suke yawo.

Tikiti ya zama mai lamba da gindi. Mai sayarwa daban, mai yagewa a ƙofa daban, kuma kada su zama 'yan gida ɗaya. Kafin a kashe fitila a ƙirga gindin tikiti, a ƙirga kuɗi, mutum biyu su sa hannu a littafi. Masu biya ta waya, da Bankak ko makamancinsa, a rubuta lambar cinikin a bayan gindin tikitin, kuma kuɗin su shiga asusu guda da aka sani, ba na wanda ya fi kusa da ƙofa ba. Tikitin alfarma a ƙayyade shi, biyu ga kowane ɗan ƙungiya a zango, ban da na shugabannin unguwa da ba makawa. Wajen rabo, a fara cire kuɗin dare, sannan a cire kashi ɗaya cikin goma a ajiye don wasa na gaba, sauran a raba bisa kaso da aka rubuta tun ranar farko: kowa kaso ɗaya, mai ba da umarni da mai littafi da masu manyan matsayi ɗaya da rabi, marubuci nasa daban ko da yana cikin 'yan wasa. Kai kuma, Alhaji, a fayyace a takarda ko kuɗinka bashi ne, ko hannun jari, ko kyauta. Yawancin ƙungiyoyin da suka watse ba a daren asara suka watse ba, a daren riba ta farko ne, da aka zo rabo babu rubutu.

Wani mai gyaran lantarki daga Damazin: "An ɗora mini fitilu da sauti. Janaretanmu 5 kVA ne. Da an kunna komai sai ya shaƙe, lasifika ta yi ta kuka, fuskokin 'yan wasa kuma ba sa fita. Me nake yi ba daidai ba?"

Injiniya, matsala uku ce ka haɗa, kowacce da tushenta.

Janareta mai 5 kVA ba wat 5,000 yake bayarwa ba, wajen 4,000 ne, kuma bai kamata a ɗora masa fiye da kashi uku cikin huɗu na hakan na tsawon awanni ba, wato wajen 3,000. Tsohuwar fitilar halojin mai wat 1,000 tana jan sama da amfiya huɗu a wutarmu ta bolt 230, uku daga cikinta sun cinye maka injin kafin ka jona na'urar sauti. Fitilun LED na dandamali kuwa, irin masu ƙwaya 54, kowacce ba ta cika wuce wat 180 ba. Takwas ke nan wajen 1,440, ka ƙara kamar 1,000 na sauti, kana ƙasa da iyaka. Ka kunna kaya ɗaya bayan ɗaya. Na'urar ƙara ƙarfin sauti ita ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ita ce ta farko wajen kashewa, in ba haka ba ƙarar da za ta buga tana iya fasa lasifika. Ka kai janareta aƙalla mita talatin, bayan katanga, inda iska ba za ta turo hayaƙi wajen mutane ba, kuma kada a taɓa sa shi cikin rufaffen ɗaki don rage ƙara, hayaƙinsa yana kisa. Nisan nan yana son waya mai kauri: mai lamba 2.5 (mm²) ta isa gajeriyar tafiya, in ta wuce mita talatin ka koma mai lamba 4, don siririyar waya tana rage ƙarfin wuta kafin ta iso. Ka warware naɗin wayar gaba ɗaya, wadda aka bari a naɗe tana ɗaukar zafi har roba ta narke. Ka kafa sandar ƙasa, wato ƙarfen da ke zubar da ɓatacciyar wuta cikin ƙasa, ka cika tanki kafin a fara, kada a zuba mai injin yana aiki. Fitila biyu masu caji su kasance a shirye gefen dandamali, don in wuta ta ɗauke a tsakiyar taro duhu ne ke jawo turmutsutsu.

Kukan lasifika kuwa yana faruwa ne idan makirfo ya ji abin da lasifika ta faɗa ya sake mayar mata. Lasifikoki su kasance gaba da layin da 'yan wasa suke tsayawa, suna fuskantar jama'a, a ɗaga su sama da kan mai tsayuwa. Duk makirfon da mai shi ba ya kan dandamali a rufe shi, shi ya sa kai ma kana bukatar kwafin littafin mai kula da dandamali. Ba a manta da ɗan wasan da ya sauka da makirfo a kunne yana neman wanda ya ɗauke masa takalmi, unguwa duka tana ji. Batir sabo kowane dare. Gumi yana kashe ƙananan makirfo na jiki, a sa na'urar cikin 'yar leda kafin a ɗaura. In akwai wani gunji marar yankewa, galibi wayar sauti ce ta kwanta jikin wayar wuta. A raba su, in dole su haɗu su gitta juna, kada su jera.

Sai fuska. Fitilar da aka rataya daidai saman kai tana mayar da idanu ramuka, wadda aka ajiye a ƙasa tana mai da mutum dodo. Haske ya zo daga gaba, ta dama da ta hagu, a karkace. Awon mai sauƙi ne: in fitila ta ɗara kan ɗan wasa da mita uku, nisanta da shi ma ya zama kamar mita uku. Ka ƙara biyu daga baya, sama, don su raba mutum da baƙin labule. Ga fatarmu, haske mai ɗumi, ruwan zuma-zuma ko mai ɗan ja kaɗan, ya fi fito da fuska, kore kuwa yana kashe ta. Babban abokin gabarka shi ne farar jallabiya da farin rawani. Suna kwashe hasken duka, idon ɗan kallo ya tsuke, fuska ta ɓace a tsakani. Masu sutura suna da dabara tsohuwa: a tsoma farin kaya cikin ruwan shayi marar sukari, a shanya. A ido zai yi ɗan duhu, a ƙarƙashin fitila fari ne tas, kuma fuskar ta dawo.

Wani ɗalibi da yaƙi ya kawo Fot Sudan daga Khartum: "Da Hausa za mu yi ko da Larabci? Ƙannenmu da yawa ba sa jin Hausa sosai, dattawa kuma sun ce in ba Hausa ba ce ba za su zo ba."

Ɗan'uwa, ku yi yadda ake magana a gidajenku. Kaka ta yi Hausa, jika ya amsa da Larabci, uba yana tsakiya yana haɗawa. Wannan shi kansa abin wasa ne, kuma babu wata ƙungiya a ƙasar nan da za ta iya yin sa in ba ku ba. Sharaɗi guda ne: duk maganar da labari ya rataya a kanta, kamar wa ya ci bashi, wa aka yi wa baiko, ta fito da harsunan biyu, ba ta hanyar tafinta ba, ta hanyar amsa. Tsohuwa ta ce an sayar da gonar, yaro ya maimaita da Larabci cikin firgita. Kowa ya ji, ba wanda ya lura an fassara.

Akwai abin koyi. Ƙungiyar Kwoto, wadda 'yan Kudu mazauna Khartum suka kafa a 1994, ta yi wasa da waƙa da harsunan Kudu da Larabcin Juba, ta kai su sansanonin 'yan gudun hijira da manyan dandamali, kuma waɗanda ba sa jin harsunan sun zauna sun kalla. Labari ma ba ku rasa ba. Tafiyar kakanni zuwa hajji a ƙasa, wadda takan ci shekaru, da hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi a 1903 har aka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, da aikin auduga a Jazira, da wanda aka haifa a nan kakansa ma a nan amma ana tambayarsa takardar asali. Sai dai a kiyaye da sunayen gidaje, don jikokin mutanen suna cikin 'yan kallo.

Wata uwa daga Madani: "'Yata tana son shiga, mahaifinta ya ƙi. Ƙungiyar ta ce in ba mace, namiji zai ɗaura zane."

Hajiya, namiji ya yi shigar mata tsohon abu ne a nan. Haka aka fara, kuma Alfadil Sa'id ya yi suna da tsohuwar nan Bit Gudem. A barkwanci yana tafiya, amma uwar da ɗanta ya ɓace a yaƙi ba a ba gardi ita, dariya za a yi. Asiya Abdulmajid, wadda ake ɗauka mace ta farko a dandamalin Sudan, ta fara ne a shekarun 1960, ta kuma ƙare rayuwarta tana malamar yara, har harsashi ya same ta a Bahri a watan Mayun 2023. Allah ya jiƙanta. Shawararmu ga ƙungiyar ce, ba ga mahaifin ba: su kai masa rubutun wasan ya karanta, gwaji ya zama da rana a wuri sananne kamar makaranta, mata su zama aƙalla biyu da babbar mace mai kula da su, wurin canja kaya daban, a kuma mayar da kowacce ƙofar gidansu bayan wasa. In ya ga tsari ya amince, madalla. In bai amince ba, kada a zagaye shi.

Wani direban lori daga Sinnar: "Yaushe ya fi dacewa a fita yawo, kuma wane irin kaya za a ɗauka?"

Malam direba, kai ka fi mu sanin abin da baƙar ƙasar Gadarif take yi wa taya a damina. Daga Yuli zuwa Satumba a zauna gida a yi rubutu da gwaji. Mayu da Yuni ga zafi ga guguwar habub. Lokacin fita shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu: an yanke riɗi, ana girbin dawa, akwai kuɗi a hannun mutane, dare kuma da sanyi. A fara bayan sallar isha'i, a gama kafin dokar hana fita in garin yana da ita. A halin da ake ciki tun Afrilun 2023, mutum ɗaya ya riga ku isa da kwana uku, ya karɓo izinin mahalliya, wato ƙaramar hukuma, da na jami'an tsaro a rubuce, ya gaida sarkin Hausawa ko umda (dagaci) da limamin unguwa, ya kuma tambayi ko akwai rasuwa ko biki a ranar.

Kaya kuwa, abin da bai shiga mota ɗaya tare da janareta ba, a bar shi. Bangon wasa a yi shi da ablakash, wato falankin filawud, mai kaurin milimita huɗu, a bar shi a girmansa na kanti, santimita 122 da 244, a kafa shi kan firam na siririn katako, a haɗa bibbiyu da hinji yadda za su buɗe kamar littafi su tsaya da kansu. Shida sun isa: fuska ɗaya a zana tsakar gida, a juya ɗaya fuskar ta zama kasuwa ko ofis. A fili bangon nan tamkar filafilan jirgin ruwa yake, iska kaɗan ta kifar da shi kan mutane, saboda haka kowanne ya samu tokara daga baya da buhun yashi mai kilo ashirin a gindinta. Buhun ake ɗauka wofi, yashin a cika a can.

Dandamali mita takwas a faɗi, shida a zurfi, tsayi santimita 60 zuwa 80. In ya gaza haka na baya ba sa ganin wanda ya zauna, in ya wuce mita na gaba wuyansu ya ƙage. Kada a hau teburan makaranta da ba a ɗaure ƙafafunsu da juna ba, suna rabewa a ƙarƙashin mai gudu. A shimfiɗa darduma ko tabarma biyu a kan katakon, in ba haka ba takun ƙafa zai yi ta duka kamar ganga ya danne magana. Wajen lodi, abin da za a fara bukata shi ne zai shiga ƙarshe: janareta, wayoyi da fitila ɗaya ta aiki su kasance a bakin ƙofar lori, don sau da yawa za ku isa gari ne rana ta riga ta faɗi. Mai littafi ya tsaya da jerinsa yana kira ana amsawa, a wajen sauka da wajen tashi, har buta da igiyar labule.